Sanyin Aro

Da barguna biyu Inna, mahaifiyata, ta sauka a Kuala Lumpur. Ban da barguna akwai rigunan sanyi, da safa, da wata hular ulu mai rufe kunnuwa da ta saƙa wa 'yata da hannunta. Ita a saninta duk inda jirgi ya kai mutum ƙasar Turawa ce, ƙasar Turawa kuwa ƙanƙara. Na gaya mata a waya, na maimaita, na ce Inna garin nan zafi gare shi kamar Yola da bazara. Ta ce to. Ashe "to" ɗin na rabuwa lafiya ne. Da ƙofar filin jirgi ta buɗe, iskar waje ta buge ta, sai ta tsaya cak ta dube ni ta ce, "Wani abu ne yake ci da wuta?" Na ce a'a, garin ke nan.

Mu mutanen tsaunin Mambila ne. A Nguroje aka haife ni, inda manja ke daskarewa a kwalba, mutum ya yi alwalar asuba yana cije haƙora. Kakana na wajen uba bafatake ne daga ƙasar Kano. Ya hau dutsen da jakuna, da gishiri da kanwa, tun ba a fasa hanyar mota ba. Ya ga ciyawa iyakar ganinsa, ga shanu ƙosassu, ga dare ba kukan sauro, sai ya sauke kayansa bai ƙara ɗaurawa ba. Inna kuwa jinin Fulanin ruga ce, a kan dutsen aka yanke mata cibiya, kuma kafin wannan tafiyar saukarta ƙasa ba ta taka kara ta karya ba. Ko Jalingo ta je biki sai ta dawo da ciwon kai.

Abin da ya kawo ta ni ce. Ina karatun digiri na uku da tallafin gwamnati, maigidana kuma hutunsa na karatu ya ƙare, wurin aikinsa suka ce ko ya dawo ko ya bar musu kujerarsu. Ya koma, ya bar ni a hawa na can sama a wani dogon bene a unguwar Danau Kota, ni da yarinya mai shan nono. Na gwada gidan raino. Duk mako da irin cutar da take kwaso mini, yau mura, gobe gudawa, jibi ƙuraje a baki. Aikina kuma ba na zaman ɗaki ba ne. Laka nake aunawa. Nakan hau tsaunin Cameron in ɗebo ruwan rafuka a kwalabe, in sauko da shi ɗakin gwaji in tace, in busar, in auna yawan ƙasar da ruwa ke kwashewa daga gonakin kan dutse. In an yi ruwan sama dole in je, don a lokacin ne rafi yake faɗin gaskiya. Ba a yin wannan da goyo. Lissafin a fili yake: in Inna ta zauna, na gama karatu da 'yata a gabana. In ta tafi, ko in ajiye karatun, ko in rabu da yarinyar.

Sunan Inna aka sa wa yarinyar, don haka takwara take ce mata. Tun ranar farko suka ɗinke. Ta wannan fannin na samu sauƙi, na fara barci kamar mutum.

Amma Inna ta fara narkewa a kan idona. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ba halinta ba ne. Sai dai in dawo daga makaranta in same ta zaune a kan tayil a bakin banɗaki, wai nan ya fi sanyi, da jiƙaƙƙen tawul a wuya, yarinya na wasa a gefenta. Na kunna mata esi, kwana biyu gwiwoyinta suka riƙe, ta ce in kashe mata wannan abin, sanyin ɗakin ajiye gawa ne, ba rai a cikinsa. Fanka kuwa ta ce zafin kawai take juyawa kamar mai tuƙa tuwo. Da la'asar hadari zai haɗu, a yi tsawa kamar sama za ta tsage, a sheƙa ruwa, ta matso taga da murna. Ana ɗaukewa sai titi ya hau tururi, zafin ya dawo har da ƙari. Ta ce ba ta taɓa ganin ruwan sama marar albarka irin wannan ba.

Lif tsoro yake ba ta, don haka ba ta sauka sai da ni. Abinci ya daina shiga. Na nemo garin masara har wani shagon 'yan Afirka a Setapak, na yi mata tuwo, na haɗa da wani ganye da ya ɗan yi kama da kumbi, ganyen miyarmu na gida. Ta yi loma biyu ta ce Allah ya yi albarka, ta ture kwanon. Zobenta ya fara yawo a yatsa. Takwarar ma bayanta da wuyanta duk ƙurajen zafi, tana susa tana kuka. Ni kuma ina tsakiya, ga malamin da ke duba aikina yana tambayar sakamako, ga bizar Inna ta kusa ƙarewa. Na ce mata za mu je a sabunta. Ta ce, "Allah ya kai mu." Wanda ya san Inna ya san wannan ba amsa ba ce.

Wata maƙwabciyata 'yar Kano, ita ma ɗaliba, ita ta kawo shawarar. Muna tsaye a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan benenmu muna jiran a ɗaure mana roti, gurasarsu, na gama zazzage mata damuwata, sai ta ce, "Ke ma dai wallahi. Ki kai ta Cameron weekend ɗin nan mana. Ba ke kika ce weather ɗin exactly irin na garinku ba ne? Tana ganin akwai inda za ta riƙa shan iska, za ta yi relaxing, ta zauna. Boleh lah, in ji mutanen nan, zai yiwu, gwada ki gani."

Na tsaya ina kallonta. Ni da nake hawa dutsen nan da takalmin roba da kwalabe, in sauko da ciwon baya, ban taɓa kallonsa a matsayin magani ba. Wurin aiki ne kawai. Na yi mata godiya har da rungumarta. Da na san abin da zai biyo baya da na bar ta da rotinta na haye sama.

Muka shiga bas a tashar Puduraya da safe. Har garin Tapah da ke gindin dutsen Inna tana jingine, ido a rufe, tana jan carbi. Daga nan hanya ta fara hawa, tana nannaɗewa, kwana bayan kwana. Mutane suka fara laluben leda, wani yaro a gabanmu ya amayar da duk abin da ya karya da shi. Inna kuwa sai ta miƙe zaune. Wanda ya saba da hawan Mayo Selbe, hanyar hawa dutsenmu, wannan wasan yara ne a wurinsa. Ta manna fuska a gilashi tana kallon kurmi, itatuwa dogaye sun haɗe kai, ruwa na zubowa daga jikin dutse.

A wani wuri da bas ya tsaya kusa da magangarar ruwa, akwai rumfunan gora a bakin hanya, mutane gajeru masu duhun fata suna sayar da zuma da kwanduna da saiwoyi. Ta tambaye ni su waye. Na ce Orang Asli ake ce musu, mutanen asali, su ne masu dutsen tun kafin kowa. Ta ce, "To me ya fito da su bakin titi?" Na ce daji ne yake ƙarewa a bayansu. Ta gyaɗa kai. Ta ce haka muka tarar da Mambilawa a wurinmu, mu da shanunmu da ku da jakunanku duk baƙi ne. Ta ce tana yarinya in gonarsu ta gaji sai su shuka mata magimfa, wani tsiro mai gyara ƙasa, su bar ta ta huta, in sun dawo ƙasar ta yi baƙi ƙirin. Yanzu wa ke da filin da zai bari ya huta? Shanu na jira, mutane na jira, ga rigima.

Na ba ta labarin sauran kamar yadda na karanta. Turawan mulki ne zafin ƙasa ya dame su, suka nemi inda za su riƙa gudowa su sha iska irin ta garinsu. Suka fasa hanya, suka gina gidaje masu murhu a falo, suka sare daji suka dasa shayi, suka kwaso Indiyawa su tsinka musu. Sinawa suka biyo da noman kabeji da latas. Da Turawan suka tafi gonakin ba su tafi ba, sai ma hawa da suke yi. Yanzu kuma 'yan ci-rani ne daga Bangladesh da Nepal suke aikin. Inna ta ce, "Ashe Bature ko'ina halinsa ɗaya. Mu ma shi ya kawo mana zaiti." Bishiyar turare take nufi, wadda yanzu ta rufe tuddan Nguroje, kowa na dasawa don katako, ita kuma tana shanye idon ruwa a hankali.

A garin Ringlet na nuna mata tafkin madatsar ruwa. Ruwan ja ne, kauri gare shi kamar kunun kanwa, injuna na ta kwasar laka daga ciki. Na ce kin ga aikina ke nan, Inna, wannan jan duk gonar wani ce ta gangaro. Daga nan sama kuwa duk inda ido ya kai rumfunan leda ne, fari fat, an jera su hawa-hawa a jikin tudu, a ƙarƙashinsu tumatir da furanni da sitiroberi. Tsakaninsu ga inda katafila ta yanke dutse ta bar shi ja kamar an feɗe rago. Na gaji da ganin wannan. Shekara da shekaru ana aunawa ana rubutawa, ni ma na zo na karɓi layi, laka kuwa ba ta fasa gangarowa ba. Tsofaffin garin suna cewa sanyin da suka sani da ƙuruciya ya ragu. Inna ta ce ko a gida haka ne, da can sai rana ta take tsaka man shanu ke sakin jiki.

Ta daɗe tana waige-waige, sannan ta ce, "Ina shanunsu?" Na ce babu. Ta ce, "Dutse guda, ga ruwa ga sanyi, ba saniya ko ɗaya?" Na ce nan daji ne asalinsa, ba ciyawa ba. Ta ce kai, an yi asarar wuri.

Muna sauka a Tanah Rata, garin da ke saman dutsen, iska ta taɓa mu. Inna ta tsaya a bakin bas ta ja numfashi har ƙirjinta ya ɗaga, ta sake ja. Ta buɗe jaka ta ciro rigar sanyin da ta yi wata da watanni a ƙasan akwati, ta saka, ta ɗaura wa takwara hular ulu. A wata rumfar abinci matar ta ajiye mana shinkafa da miyar ganye da dafaffiyar masara, tana cewa, "Makan, nenek, makan." Inna ba ta jira fassara ba. Ta cinye, ta ce a ƙaro masara. Rabon da in ga ta nemi ƙari tun a gida.

Da yamma muka je gonar shayi. Tudu bayan tudu, kore shar, an aske su daidai, gajimare na saukowa yana shafa su yana wucewa. Ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta shinshina, ta ce irin na gonar shayin Kakara ta wajenmu ne sak. Takwara ta sauka daga bayana tana gudu a tsakanin layuka, tana faɗuwa tana tashi, ba susa ba kuka. Inna ta bi ta da sauri, matar da a Danau Kota sai ta dafa bango take miƙewa. Har waƙar Fulatanci na ji tana yi mata. Daɗi ya kama ni, na ce a raina shi ke nan, na yi dabara. Kafin mu koma masauki na gama tsara mata komai: duk wata za mu zo, in na hau aiki ma tare za mu riƙa hawa, in kama musu ɗaki su zauna ni in shiga rafukana. Ta ce, "Uhm."

Da gari ya waye na fito na same ta a kan dakalin masaukin, lulluɓe da bargo, da kofin shayi a hannu. Raɓa ta jiƙa ciyawa, gajimare ya rufe tudun da ke gabanmu. Na gaishe ta na zauna. Ta ce yarinyar fa? Na ce barci take, ko juyi ba ta yi ba.

Ta ce, "Ke, zan gaya miki wata magana." Ta kurɓi shayi. "Da na ɗauka ajali ne. Na ce tsufa ne ya auko mini gaba ɗaya, na yi shiru don kada in tayar miki da hankali, ga karatu a gabanki. Har na fara tunanin inda za ku binne ni a garin can. Jiya da iskar nan ta taɓa ni sai na gane lafiyata ƙalau. Garin ne ba nawa ba."

Na ce, "To ai shi ya sa na ce duk wata mu riƙa zuwa, Inna."

Ta ce, "Zanen aro ba ya rufe katara. Kwana biyu a sama, wata guda a cikin tukunya? Da ban ɗanɗana ba da na ci gaba da daurewa, don na manta yadda lafiya take. Yanzu kam na tuna. Kada ki wahalar da kanki da sabunta takardar nan. Gida zan koma."

Garin neman gira na rasa ido, da kuɗin motata da ƙafata. Na ce, "Inna, in kin tafi ni in yi yaya? In ajiye karatun?"

Ta ce, "Wa ya ce ki ajiye? Bayan duk wannan wahalar?" Ta juya kofin a hannunta. "Takwara ta isa yaye. Ko a gida kike ai wurina za ki kawo ta."

Gaskiya ne, haka al'adar take, kaka ce ke yaye. Amma yayen da na sani shi ne a kai yaro bayan layi, ya yi 'yan kwanaki ya manta nono, a dawo da shi da ƙosai a hannu. Na faɗa mata haka. Na ce wane irin yaye ne ake yi da jirgin sama? Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. Ta bari na gama, sannan ta ce in shiga in ɗaga rigar yarinyar in dubi bayanta. Ban shiga ba, don na riga na gani tun da asuba. Ƙurajen sun kwanta a dare ɗaya.

Na sayi katin waya na kira maigidana, ina sa ran zai tsaya mini. Ya ce, "To ai hakan ma ya yi. At least zan riƙa hawa ina ganinta." Na kashe wayar ban yi sallama ba. Na ji haushinsa, na ji haushin 'yar Kano da shawararta, na ji haushin dutsen kansa. Kowa maganarsa daidai ce, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ban samu wanda zan yi faɗa da shi ba.

Muka gangaro. Tun kafin Tapah Inna ta cire rigar sanyi ta ninke a cinya, yarinya ta fara tsaki tana jan wuyan riga. Sauran kwanakin na yi ta juya maganar, in kwanta da niyyar ajiye karatu in tashi da niyyar gamawa. A ƙarshe gajiya ce ta yanke hukunci, ba hankali ba. Ba ni da ƙarfin sake komawa gidan raino da asibiti ni kaɗai, ba ni kuma da fuskar komawa gida hannu rabbana.

A filin jirgi na ba ta nono na ƙarshe a ɗakin sallah na mata. Inna ta karɓe ta ta goya, ta ɗaure zani tamau, ta ce kada in tsaya inda za ta gan ni. Na laɓe a bayan wani ginshiƙi har suka shige. Mako guda ƙirjina yana kumbure kamar dutse, ina ɗaure shi da ɗankwali ina shiga ɗakin gwaji. Da aka yi ruwa na hau Cameron, na tsaya a cikin rafi har gwiwa ina cika kwalabe da jan ruwa, ina kuka, direban sashenmu ya juya baya yana shan taba kamar bai gani ba.

Na gama. Ya ɗauke ni fiye da yadda na yi zato, kamar yadda yake ɗaukar kowa. Aka ɗaure littafin da baƙin bango aka ajiye a kantar ɗakin karatu tare da 'yan'uwansa. Na kwashe kayana na bar Danau Kota ba tare da na waiwaya ba.

Ranar da na isa Nguroje gidan cike yake da 'yan taya murna. Inna ta yi ƙiba, tana ta kai da kawo kamar ba ita ba. Ina rarraba ido sai ga wata yarinya ta fito daga madafa, ƙafa ba takalmi a wannan sanyin, kumatu jajur, tana riƙe da kwanon ruwa da hannu biyu kada ya zube. Ta zo gabana ta durƙusa yadda aka koya mata, ta miƙo mini, ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Mata suka kwashe da dariya. Wata gwaggona ta ce ai shi ke nan, Inna ta yi auta. 'Yar fari ce, a gaban mutane ba ni da bakin cewa tawa ce, ko sunanta ban isa in kama ba. Na karɓi ruwan na sha, na ce mata yawwa, sannu. Yanzu ta yi aure har da 'ya'yanta, kuma har yau Yaya take ce mini. Ina amsawa.